Yawon Sallah: Kafin ka tambayi kuɗin ƙofa, fara tambayar kuɗin hanya

Duk sanda Sallah ta ƙarato, ko aka ba yara hutun makaranta, akwai wata muhawara da ba ta tsufa a Facebook da TikTok da zaurukan WhatsApp: ina za a kai iyali bana? Wani ya ce gidan zoo na Kano ya fi sauƙi. Wata ta ce haba, ai zoo tsohon yayi ne, yanzu Magic Land na Abuja ake zuwa. Mai ɗan hali ya ce shi Yankari ya nufa. Can sai wani ɗan gayu ya sako hoton Dubai ko Disneyland, ya rubuta Allah Ya maimaita mana, jama'a su yi ta zuba amin, alhali da yawanmu ko fasfo ba mu taɓa riƙewa ba.

Idan ka lura, duk gardamar a kan abu guda take tsayawa, wato nawa ake biya a ƙofa. Ni kuwa a ganina, ɗan'uwa, kuɗin ƙofa shi ne ƙaramin alhaki a wannan tafiya. Abin da ke yanke farashin yawon iyali shi ne nisan wurin daga ƙofar gidanku, da kuma halin da hanyar take ciki. Don mu ga haka ƙarara, yau ba daga Nasarawa ta Kano ko Maitama za mu fara lissafi ba. Za mu fara ne daga 'Yargoje, a Ƙaramar Hukumar Ƙanƙara ta Jihar Katsina, yankin da ke kusa da Faskari da Sabuwa.

Mu ɗauko biro da takarda

Mu ƙaddara magidanci ne matashi, da matarsa da yara huɗu, su shida ke nan. Mu ƙaddara kuma ya samu aron mota wadda ke cin lita ɗaya a kilomita goma, kuma ya sayi litar fetur a kan Naira 900. Ka san farashin mai ba ya zama wuri guda tun da aka cire tallafi ranar 29 ga Mayun 2023, har ya taɓa haura Naira 1,000 a 2024, don haka kana iya sauya adadin da na gidan man unguwarku. Ma'aunin da za mu riƙe shi ne mafi ƙarancin albashi na Naira 70,000 da aka sa wa hannu a Yulin 2024.

Birnin Katsina ne na farko. Daga Ƙanƙara ta Dutsin-Ma kimanin kilomita 130 ne, zuwa da dawowa 260. Lita 26 ke nan, wajen Naira 23,400. A can akwai wuraren wasan yara, ga Hasumiyar Gobarau, ga hawan Sallah da ba a sayar da tikitin kallonsa. Ana iya zuwa a dawo a yini guda.

Kano ta biyo baya. Ta Gwarzo kimanin kilomita 150 ne, zuwa da dawowa 300, kuɗin mai Naira 27,000. Gidan zoo na Audu Baƙo yana nan tun farkon shekarun 1970, kuma har gobe shi ne dandalin talaka ranar yawon Sallah. Shi ma idan aka yi sammako ana iya kwana a gida, ko a sauka wurin dangi, don da wuya ka samu Bakatsinen da ba shi da ɗan'uwa a Kano.

Sai Abuja. Ta Funtuwa da Zariya da Kaduna tafiyar ta haura kilomita 400. Zuwa da dawowa sama da 800, lita 80, Naira 72,000. Ka ga tun ba a hango ƙofar Magic Land ba, albashin wata guda ya tafi a tanki, har da ciko. Kuma babu mai hankalin da zai yi wannan tafiya da ƙananan yara ya juyo a ranar, dole a kwana. Idan babu gidan ɗan'uwa, otal ne, otal ɗin Abuja kuwa ba ya jin Hausa.

Yankari ta Jihar Bauchi ta fi haka nisa. Sai ka je Kano, ka wuce Bauchi, sannan ka shiga dajin har sansanin Wikki, fiye da kilomita 500. Zuwa da dawowa sama da 1,000, mai kawai Naira 90,000. Wurin ya cancanci gani, babu musu: ga giwaye, ga gwaggon biri suna yawo a tsakar sansani, ga ruwan Wikki mai ɗumi da ke zama a kan maki 31 rani da damina. Amma kwana biyu ne aƙalla, da kuɗin ɗaki, da na motar zagaya daji, da abincin da sai dai ka saya a inda ka tsinci kanka.

Disneyland kuwa, mu taɓa ta don nishaɗi. Tikitin yini guda a wuraren wasan Disney na Amurka ya haura Dala 100 ga mutum ɗaya. Mutum shida, Dala 600. A canjin Naira 1,500 hakan ya kama Naira 900,000, albashin kusan wata 13, don wasan yini ɗaya. Kafin nan akwai kuɗin neman bizar Amurka, Dala 185 kowane kai, wanda ko an hana ka ba a mayar maka. Ba mu zo maganar jirgi ba. Hangen Dala ba shiga birni ba ne, balle hangen Disney ta fuskar waya.

Wannan duk ga mai mota ne. Yawancin mutanen 'Yargoje da kewaye motar haya suke shiga, inda kowace kujera da kuɗinta, kuma ranakun Sallah direba ke da baki. Sannan yawancinsu ba su da albashi, noma ne. Idan kana son jin nauyin abin sosai, mayar da waɗannan kuɗaɗe zuwa buhunan masara a farashin kasuwar Ɗandume ko ta Sheme, ka ga buhu nawa za a fitar daga rumbu don a hau lilo na minti biyar.

Abin da ba a rubutawa a allon ƙofa

Ko da ka isa lafiya, lissafin bai ƙare ba. Akasarin wuraren wasa na zamani sau biyu suke karɓar kuɗi: na shiga daban, na kowane wasa daban. Yaro huɗu, kowa ya hau wasa uku, tikiti 12 ke nan. Kuma wa ya taɓa ganin yaron da ya hau motar karo sau ɗaya ya ce ya ƙoshi? Wasu wuraren ba sa barin a shiga da abinci daga waje, sai ka sayi ruwan roba da askirim a farashin da suka ga dama. Ga mai hoto, ga mai balan-balan, ga mai zanen fuska. Duk wanda ya tsara wurin ya san uba ba ya iya jure kukan ɗansa a gaban jama'a, kuma a kan wannan raunin aka gina cinikin.

Akwai kuma kuɗin da mu matasa muka ƙirƙiro wa kanmu. Ankon iyali, don hoto ya fito. Sabon takalmi, don na bara ya riga ya fito a sitatus. Data ta ɗora bidiyo. Wani ma har aron babbar waya yake yi. Idan ka tattara, sai ka tarar abin da aka kashe don mutane su gani ya fi abin da aka kashe don yara su ji daɗi.

Nan ne bashi ke shigowa. Manhajojin ba da rance sun cika waya, cikin minti kaɗan kuɗi sun shigo, ruwan da ke kai kuwa sai ya fi na kowane banki. Sallah kwana uku ce, bashin kuma yana iya kai ka har Sallar gaba, da kiran waya da tonon silili ga duk lambar da ke wayarka. 'Yar'uwa, ke ma da ke tura wa maigida hoton ƙawarki a Abuja kina cewa mu yaushe, ki sani hoton bai nuna miki wanda ya biya ba, bai kuma nuna miki ko an gama biya ba. Kwaɗayi mabuɗin wahala ne tun kafin a ƙirƙiro intanet.

Kuɗin da ba a biya da Naira

Duk abin da muka lissafa a sama, mutumin Kano da na Zariya ma suna biyan irinsa. Akwai wanda mutumin 'Yargoje ke biya shi kaɗai, shi da maƙwabtansa na Faskari da Sabuwa.

Daren Lahadi 9 ga Yunin 2024 'yan bindiga suka afka wa 'Yargoje. Mazauna garin sun shaida wa 'yan jarida cewa waɗanda aka kashe sun kai 50, an kuma tafi da mata da yara, ko da yake adadin da 'yan sanda suka bayar bai kai haka ba. Duba kalanda: Babbar Sallah ta kama ranar 16 ga watan, mako guda cif bayan harin. Sanda mu ke gardamar wane wurin shaƙatawa ya fi araha, su zaman makoki suke yi, wasu kuma suna neman inda za su haɗa kuɗin fansa.

Wannan ba shi ne farau ba. A Yunin 2020 an yi irin wannan ɓarna a Kadisau ta Faskari. Ranar 11 ga Disambar 2020 aka kwashe ɗaliban Makarantar Sakandaren Kimiyya ta Gwamnati da ke Ƙanƙara, aka sako 344 bayan kwana shida. A 2021 gwamnatin Aminu Bello Masari ta hana motocin haya bin hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme, ta ce su zagaya ta Funtuwa, sannan aka katse layukan waya na tsawon watanni a ƙananan hukumomi 13, ciki har da waɗannan uku. Ka tsaya ka yi tunani a kan wannan: akwai lokacin da ko hoton yawon Sallar naka ba za su iya gani ba, don babu sabis ɗin da zai buɗe shi.

Zagaye ƙarin mai ne da ƙarin kuɗin mota. Rashin iya tafiyar yamma yana nufin ko dai a katse yawo da azahar, ko a kwana a biya masauki. Magidanci kan raba iyalinsa gida biyu don kada tsautsayi ya haɗa da kowa. Sama da duka, akwai tambayar da uba ke yi wa kansa kafin ya kunna mota: idan aka tare mu da yaran nan fa? Kuɗin fansa a wannan yanki da miliyoyi ake maganarsa, kuma gona da shanu ake sayarwa a biya. Babu allon ƙofar da ya taɓa rubuta wannan.

Kada mai kuɗi ya ɗauka shi ya tsira. A Afrilun 2019 an kai hari wurin shaƙatawa na Kajuru Castle a Jihar Kaduna, aka kashe mutum biyu, ɗaya 'yar Birtaniya. Ranar 28 ga Maris na 2022 aka tare jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna, wanda mutane suka koma wa don gudun hanyar mota. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe.

Gaskiya ne an yi ƙoƙari. Gwamna Dikko Umaru Raɗɗa ya ƙaddamar da rundunar tsaron al'umma ta jihar a Oktoban 2023, kuma a 2025 wasu ƙananan hukumomi, har da Faskari da Sabuwa, sun shiga zaman sulhu. Amma ma'aunin zaman lafiya a wurin talaka mai sauƙi ne: ranar da uwa za ta bar ɗanta ya je garin kakarsa yawon Sallah, ya dawo bayan la'asar, ba tare da ta yini da waya a hannu ba.

Wai wasa ake magana ana kashe mutane?

Na san wani zai ce, malam, mutanen da ke neman tsira da rai kake kawo wa zancen lilo? Tambayar tana da nauyi, kuma tsaro ne gaba da komai. Sai dai ka tuna yaron da aka haifa a wannan yanki a 2015 bai san wata rayuwa ba sai ta ƙarar bindiga da gudun dare. Iyayensa sun tashi da dandali: langa da kokawa ga maza, gaɗa da carafke ga mata, tatsuniya a farin wata, tashe a watan azumi. Ba su biya ko sisi ba. Yau a garuruwa da dama ana yin isha'i kowa ke rufe ƙofa. Wurin shaƙatawar da kakanninmu suka gina kyauta shi ne farkon abin da 'yan bindiga suka rufe, kuma babu jaridar da ta ƙirga wannan asara.

A dandali yaro ke koyon bin layi, da haƙuri idan an kayar da shi, da sasantawa bayan faɗa. Yaron da bai samu wannan ba, wanda babban abin burgewa da ya taɓa gani shi ne matashi a kan babur rataye da bindiga, me kake tsammanin zai kwaikwaya? Ka ga bidiyoyin da 'yan bindigar ke sakawa a TikTok suna baje kuɗi. Su ma fa talla suke yi, kuma yaranmu suke tallata wa.

Addini bai hana yara walwala ba. Ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa Manzon Allah (SAW) ya tsaya wa Nana A'isha (RA) ta kalli Habashawa suna wasa da masu a masallaci ranar idi. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin yara ta 1989, wadda Najeriya ta amince da ita a 1991, ta sanya hutu da wasa cikin haƙƙoƙin yaro a sashe na 31. Don haka ba alfarma ake roƙo ba.

Wani kuma zai ce kuɗina ne, na ga damar kai iyalina Abuja, ina ruwanka? Babu ruwana, wallahi. Wanda Allah Ya hore wa ya je, tafiya mabuɗin ilimi ce, kuma faranta wa iyali lada ne. Maganata da wanda zai ci bashi ne don ya yi gasa da kai, da kuma mu duka da muka mayar da hoton wurin da ke da nisan kilomita 400 ma'aunin uba nagari.

Sai dai araha ma tana da nata tarkon. Inda babu wurin wasa, yara madatsar ruwa da kududdufi suke nufa. A Ƙaramar Sallar 2022 kwale-kwale ya kife da yara a yankin Mai'aduwa, fiye da goma suka rasu. Duk mai tunanin kai yara bakin dam, ko Mairuwa ko Zoɓe, don ba a biyan kuɗin shiga, ya tabbata akwai babba a kansu, kuma kada a shiga jirgin da aka yi wa lodi ko wanda babu rigar ruwa.

To, mene ne abin yi?

Idan nisa da hanya ne ke cinye kuɗin, maganin shi ne wasan ya matso kusa da yara. Wannan kuwa ba aikin biliyoyi ba ne. Kowane gari yana da filin firamare. Kowane gari yana da mai walda da zai iya ƙera shillo da abin sulu. Ƙungiyar matasa mai mutum 50, kowa ya ajiye Naira 5,000, an tara 250,000. Kuɗin man mota uku ne zuwa Abuja da 'yan kai, amma zai ɗauki yaran unguwa guda shekara da shekaru. A yi shi da rana, a cikin gari, da sanin mai gari da jami'an tsaro, a kuma samu wanda zai riƙa duba ƙarafunan kafin yara su hau. A haɗa da gasar langa da ƙwallo da kacici-kacici, kyautar ko sabulu da littafi ce ta isa.

Ku 'yan asalin Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa da ke zaune a Kano da Kaduna da Abuja da Legas, kuna da zaurukan WhatsApp na 'yan gari, kuma an san ku da haɗa kuɗin jinya da na gyaran masallaci. Ku ƙara wannan a jerin.

Sai hukuma. Ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa ba ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye. Jihar Katsina na da 34. Tambayi shugaban taku da kansilanku da ɗan majalisarku: a cikin ayyukan mazaɓa, ina fili guda mai katanga da aka ware wa yara? Ka yi tambayar a ƙarƙashin kowane hoton buɗe aiki da suka saka, cikin ladabi, ba zagi. Yatsun da muke gardamar Kano ko Abuja da su, su ne dai za su rubuta wannan. Kuma kada mu gaji da maganar hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme da ta Dutsin-Ma, don duk wani rangwame a ƙofar wurin wasa banza ne ga wanda ba zai iya isa ƙofar ba.

Kai kuma da ke shirin fita bana, ka yi lissafinka daga ƙofar gida zuwa ƙofar gida: mai ko kuɗin mota, masauki, abinci, shiga, wasanni, sannan ka ware wani abu don ko-ta-kwana. Ka faɗa wa yara wasa nawa kowa zai hau tun kuna gida. Uwargida ta dafo abinci idan wurin ya yarda. Ka tambayi direbobin tasha halin hanya a safiyar ranar, ka fita da wuri, ka dawo da rana tsaka-tsaki. Idan jimillar ta fi abin da za ka iya biya ba tare da rance ba, ka sauko zuwa wuri na kusa, babu wanda zai tuna sitatus ɗinka bayan awa 24. Daidai ruwa, daidai tsaki.

Idan kuma ka je ka dawo lafiya, ka saka hotonka, Allah Ya sanya alheri. Amma ka tuna akwai yaro a 'Yargoje da burinsa na Sallah bai wuce a bar shi ya yi wasa a ƙofar gidansu har magariba ba. Allah Ya zaunar da yankunanmu lafiya, Ya jiƙan waɗanda muka rasa, Ya kuɓutar da waɗanda ke hannu.